WA ZAI KARƁI HAIHUWA A BATSARI DA SAFANA?

 Kafin layi ya zo kanki, ɗan duba malamar da za ta auna ki. Ita ma 'yar wani gida ce, kuma akwai ranar da iyayenta suka zauna suka amince ta ci gaba da karatu.

Matan Batsari da Safana sun san abin da ake nufi da naƙudar dare. Mace tana Ruma ko Wagini ko Runka, jini ya ɓalle mata ko jijjiga ta kama ta, ga hanya da nisa. A shekarun da matsalar tsaro ta tsananta a garuruwan da ke gefen dajin Rugu, ba kowane direba ke yarda ya fita bayan magariba ba. Ma'aikaciyar da aka turo daga nesa kuwa, da wuya ta daɗe ba ta nemi canjin wurin aiki ba, kuma ba a ga laifinta. Wadda ta fi zama ita ce 'yar garin, mai iyaye da miji a nan. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa, a Najeriya suka rasu. Yawancin abubuwan da ke kashe su, ungozoma mai ilimi kan gane alamunsu da wuri.

To, ta ina yarinya za ta bi ta zama nas ko ungozoma?

Hanyar tana somawa ne tun daga aji huɗu na sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai. Dole ta shiga ajin kimiyya. Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. A nan ne yaran ƙauye da dama ke tuntuɓe, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba. Wata makarantar ba ta da malamin Fiziks, wata yarinyar kuma ba wanda ya taɓa gaya mata muhimmancin darasin sai bayan ta gama. Idan kina da ɗiya ko ƙanwa a ƙaramar sakandare, yanzu ne lokacin da maigida zai je ya ga shugaban makarantar. Wadda ta faɗi darasi ɗaya ko biyu kada ta yanke ƙauna, tana iya sake rubutawa ta haɗa sakamakon.

Da takarda ta cika, ba sai an bar jiha ba. Akwai Makarantar Koyon Aikin Jinya a Katsina, akwai ta Ungozoma a Malumfashi. Tsarin da aka saba da shi shekara uku ne, rabi a aji, rabi a ɗakunan majinyata, sannan a rubuta jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ita ce ke ba da lasisin aiki. Nas ɗin da ke son ƙarawa da aikin ungozoma kan yi wata goma sha takwas. Yanzu kwalejoji da yawa sun koma tsarin difloma da babbar difloma na shekara huɗu, kuma ta JAMB ake shiga, don haka kada a bari rajistar JAMB ta wuce. Mai son digiri kuwa, shekara biyar ce a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya ko ta Bayero a Kano. Samari ma ana ɗaukarsu aikin jinya.

Akwai kuma gajeriyar hanya da aka tsara musamman saboda karkara, wato ungozomar al'umma. Shekara biyu ake yi, da nufin ɗaliba ta koma ta yi aiki a yankinsu. Sashen lafiya na ƙaramar hukuma ne wurin da ya dace a fara tambaya. Makarantun fasahar kiwon lafiya na Kankiya da Daura kuma suna horar da ma'aikatan lafiya na al'umma, waɗanda su ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocinmu. Aiki ne mai daraja, amma a sani takardarsu daban take da ta nas.

Mun san tambayar da ke zuciyar iyaye: aure fa? Aure ba ya hana wannan karatu. Daga 2012 zuwa 2020, wani shiri mai suna Women for Health da gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa ya yi aiki a Katsina da wasu jihohin Arewa. Ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, ana yi musu karatun share fage har su sami kiredit ɗin da suka rasa, masu goyo na zuwa da jariransu. An ga cewa idan miji da hakimi da limami suka sa baki, mace kan kammala ta dawo gida ta yi aiki. Magidancin da ba ya son namiji ya duba matarsa, shi ya fi kowa cancanta ya bar ɗiyarsa ta yi wannan karatu.

A yi hattara da makarantun bogi. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar majalisar ta amince da makarantar, don wadda ba ta da amincewa, ko yarinya ta yi shekara uku cur a cikinta, ba za a ba ta lasisi ba. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi, a guje shi. In kina son ƙarin bayani, tambayi malamar da ta auna ki yau a wace makaranta ta yi karatu, da yadda ta shiga.