Yadda Ake Tara Kalmomin Turanci don Jarrabawar GRE

Duk malamin da yake da burin yin digiri na biyu ko na uku a Amurka, da duk ɗalibin da ya sa wannan buri a ransa tun yanzu, zai ci karo da sunan GRE. Jarrabawa ce da hukumar ETS mai mazauni a Princeton, jihar New Jersey, take shiryawa, kuma sakamakonta yana aiki har shekara 5. Kuɗin rajistarta ya haura dala 200, wanda a canjin yau ba kuɗin wasa ba ne. Jami'o'i da dama sun daina tilasta ta tun bayan annobar korona, don haka a fara bincika ko sashen da ake nema yana buƙatarta kafin a taɓa aljihu.

Tun watan Satumba na 2023 aka rage tsawonta, ta koma ƙasa da awa 2. Akwai rubutun insha'i, akwai lissafi, sannan akwai ɓangaren harshe, wanda shi ne abin da ya kawo mu. Tambaya 27 ce a cikin minti 41, ana ba da maki daga 130 zuwa 170. Ke nan kowace tambaya tana da kimanin minti ɗaya da rabi.

Kafin 2011 ana ajiye wa mutum kalma ita kaɗai a ce ya nemo kishiyarta, shi ya sa masu shiri suke haddace jerin kalmomi masu wuyar faɗi kamar karatun allo. A shekarar aka cire irin waɗannan tambayoyi. Yanzu kalma tana zuwa ne a cikin jimla, jimlar ce kuma take nuna ma'anar da ake nufi. Ga misali da muka ƙirƙira a kan tsarin wani nau'in tambayar, inda ake ba da kalmomi 6 a ce a zaɓi 2 da za su cike gurbi su ba da ma'ana iri ɗaya:

The report was eagerly awaited, but its ideas proved so ______ that few readers finished it.

Zaɓin su ne: pedestrian, novel, mundane, lucid, radical, costly.

An yi ta jiran rahoton, amma ba a iya karanta shi har ƙarshe ba. Kalmar but ta riga ta gaya mana cewa abin da ke cikin gurbin ba yabo ba ne. Amsa ita ce mundane da pedestrian. To, ina ruwan mai tafiya a ƙasa da rahoto? Ai ɗan aji ɗaya ma ya san pedestrian daga darasin tsallaka titi. Abin da ba a koya mana ba shi ne tana da ma'ana ta biyu: abu lami, marar armashi.

A nan ne mafi yawan maki suke zubewa, a ganinmu. Mutum yakan tsorata da doguwar kalmar da bai taɓa gani ba, alhali wadda ya saba da ita ce take kayar da shi. Qualify muka sani da cancanta, amma idan marubuci ya yi qualify ɗin maganarsa, ya sa mata iyaka ne ko togaciya. Flag tuta ce, amma idan ƙarfin mutum ya yi flag, ya fara karaya ke nan. Sanction ta fi su rikici, domin tana nufin amincewa, tana kuma nufin takunkumi. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. A ɗauko Bature wanda aka gaya masa cewa "ci" tana nufin sa abinci a baki, a ce masa wane ya ci amana, wance ta ci jarrabawa, an ci kasuwa, ya ci bashi. Zai yi zaton mu mutane ne masu haɗiye komai. Yadda muka san "ci" ta hanyar abokan tafiyarta, haka ake sanin kalmar Turanci. Saboda haka kada a rubuta sabuwar kalma a littafi ba tare da jimlar da aka tsince ta a ciki ba.

Kalmomi nawa ake buƙata? Paul Nation, masanin koyar da harshe a ƙasar New Zealand, ya ƙiyasta cewa mai karatu yana buƙatar sanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, kuma hakan yana neman dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Dangi yana nufin kalma da 'ya'yanta, kamar analyse da analysis da analytical. Adadin yana da ban tsoro, amma akwai wurin farawa. A shekarar 2000 Averil Coxhead ta fitar da jerin dangin kalmomi 570 da suke yawan fitowa a rubuce-rubucen jami'a, irin su ambiguous da arbitrary da inherent. Ana samun jerin kyauta a intanet. Wanda bai ƙware a waɗannan ba, bai kai ga farautar manyan kalmomi ba tukuna.

Sanin saiwar kalma yana rage aiki. Kamar yadda "ma" take mayar da noma manomi, ɗinki maɗinki, haka Turanci ya gaji ɗafe-ɗafe daga Latin da Girkanci. Bene alheri ce, mal sharri, shi ya sa benevolent mai son alheri ne, malevolent mai mugun nufi. Loqu magana ce, circum kewaye, don haka circumlocution kewaye-kewaye ne a zance. Sai dai saiwa tana taimakawa ne wajen hasashe kawai, wani lokaci ma tana yaudara: inflammable ba ta nufin abin da ba ya kama wuta, tana nufin mai saurin kamawa.

Sai matsalar mantuwa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a farkon lokaci, kuma maimaici yana rage zubar. Mahaddatan Alƙur'ani na garuruwanmu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa barin tilawa. Wani Bajamushen, Sebastian Leitner, ya mayar da abin tsari mai sauƙi. A yanka kwali ƙanana, a rubuta kalma da jimlarta a gaba, ma'ana a baya. A samo gwangwani uku. Na farko ana duba shi kullum, na biyu duk bayan kwana uku, na uku sau ɗaya a mako. Katin da aka amsa daidai ya ƙara gaba, wanda aka kuskure ya koma gwangwanin farko ko da ya kai na uku. Malamai masu waya za su iya amfani da manhajar Anki, wadda take yin wannan lissafi da kanta. Mu da ba a yarda mu riƙe waya a makaranta ba, gwangwanin madara ya ishe mu.

Katin kuwa daga karatu ake cika shi: sharhin edita a jaridun Turanci da ke ɗakin karatu, labaran kimiyya, littattafan tarihi. Kalma 5 a rana cikin kwana 200 ta zama 1,000 a shekara. Ɗan aji huɗu da ya fara yau zai tarar da amfaninta tun a WAEC da JAMB, inda har yanzu ake tambayar kalma mafi kusa a ma'ana da kuma kishiya.

Ga tambaya ta wannan mako. A zaɓi kalmomi 2, a rubuta dalili, a miƙa wa sakataren ƙungiya kafin Juma'a:

The coach tried to ______ his criticism with a few kind words.

Zaɓin su ne: sharpen, temper, publish, moderate, flag, repeat.