Tayar da Mota da Murya: Kafin Ka Kai Motarka Wurin Rewaya

Duk wanda ya taɓa ajiye mota a rana a harabar Kongo ko ta FCE a Zariya a watan Afrilu, ya dawo bayan azahar, ya san abin da ke jiransa. Sitiyari ba ya taɓuwa, kujera tana gasa cinya, sai an buɗe ƙofofi an tsaya ana fifita kafin a iya shiga. Shi ya sa idan bidiyo ya bayyana a Facebook ko TikTok, ga Bature zaune a falo da kofin shayi ya ce wa wata ƙaramar sifika ta tayar masa da mota, a waje kuma injin ya kama, esi ya fara hurawa, dole mai mota a Gyallesu ya tsaya ya kalla sau biyu. Ba siddabaru ba ne, ana yi. Sai dai waɗanda suka ƙirƙiro shi don wata matsala daban suka yi shi, a ƙasashen da wuta da intanet ba sa ɗaukewa, kuma mu nan halinmu daban ne.

Asalin na'urar tayar da mota daga nesa ta mutanen ƙanƙara ce. A Kanada da arewacin Amurka mutum kan wayi gari gilashin motarsa ya daskare, don haka yana so hita ta yi minti goma tana aiki kafin ya fito. Kamfanin Compustar, wanda yana cikin manya a wannan harka, daga Alaska ya faro. Mu hunturun Zariya na Disamba da Janairu yana tsaga leɓe, amma bai taɓa daskarar da gilashi ba. Abin da zai amfane mu shi ne sanyaya mota a bazara, wato akasin abin da aka yi na'urar dominsa.

Na'urar kanta ɗan akwati ce da ake ɓoyewa a ƙarƙashin sitiyari, a haɗa ta da wayoyin makulli, da na birki, da na kwamfutar mota. Idan saƙo ya iso, sai ta yi abin da hannunka ke yi da makulli: ta buɗe wuta, ta ba da kik, ta saki idan injin ya kama. Ƙofofi suna nan a kulle. Bayan minti goma ko sha biyar, idan ba ka zo ba, ta kashe motar da kanta. Idan kuma wani ya fasa gilashi ya shiga ba da makulli ba, da ya taka birki don ya sa giya injin zai mutu. Matsalar farko da rewaya zai ci karo da ita ita ce makullan motocin zamani suna da 'yar ƙwayar lantarki a ciki, motar ba ta tashi sai ta gane ta. Akwai na'ura ta musamman da ake saitawa da kwamfuta don ta tsaya a madadin makullin. Akwai kuma hanyar araha: a ɗauki makullinka na biyu a cusa shi a wani akwati a ɓoye cikin dashbod. Idan rewaya ya ce maka, “Alhaji, kawo sifiya ɗin in ajiye a ciki, ba wanda zai sani,” ka tuna cewa daga ranar makullin motarka a cikin motarka yake kwana, kuma aƙalla mutum ɗaya da yaran shagonsa sun sani.

A hanyoyin aika wa na'urar saƙo, rimot ne matakin farko, kuma shi ba ruwansa da intanet. Ka danna, saƙon rediyo ya tafi kai tsaye, daga 'yan ɗaruruwan mitoci har sama da kilomita a masu tsada. Mataki na biyu wayar hannu ce. A 2009 kamfanin da ke yin Viper ya fito da manhajar SmartStart, inda ake sa wa motar layin waya nata na kanta, ta yadda nisa ya daina zama matsala. Murya ta zo daga baya. Amazon ta fito da Alexa a 2014, Google ta biyo da nata mataimakin a 2016, a wannan shekarar kuma Hyundai ta ba masu motocinta a Amurka damar tayar da su ta Alexa.

A bidiyo abin kamar ƙiftawar ido yake, amma bari mu bi saƙon ƙafa da ƙafa daga wani falo a Gyallesu. Ka yi magana, sifikar ta ji. Ta miƙa muryar ga na'urar intanet ta gidan, wannan ta aika da ita can wata ma'ajiyar kwamfutocin Amazon ko Google a ƙetare, inda ake fassara abin da ka ce. Daga nan a tura umarnin ga kwamfutocin kamfanin da ya yi na'urar motar, su tabbatar kai ne kuma ka biya kuɗin wata. Su kuma su dawo da shi ta layin MTN ko Airtel ko Glo zuwa sim ɗin da ke cikin motar da ke tsaye taku goma daga inda kake zaune. Saƙon ya je ya tsallaka teku ya dawo. A wannan tafiyar ana bukatar wuta a gida, da data, da sabis a wurin motar, da batirin mota mai ƙarfi. Kaduna Electric ta ɗauke wuta, in ba ka da inbata ko sola, magana ta ƙare tun daga falo. Sim ɗin motar kuma layi ne kamar kowane, sai an haɗa shi da lambar NIN, sai ana sa masa kuɗi, in aka manta da shi watanni kamfani ya rufe shi. Mutanen jihar nan ba su manta da ƙarshen Satumbar 2021 ba, lokacin da gwamnati ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan Kaduna saboda tsaro, aka yi kusan wata biyu a haka. Rimot na hannu a irin wannan lokaci yana aiki abinsa.

Ga kuma abin da dillalan mota ba su cika faɗa ba. Yawancin motocin da ke yawo a Zariya na hannu ne, 'yan Kwatano da waɗanda aka sauke a Legas, da yawansu daga Amurka. Za ka ga Camry ko Highlander ko Sonata da takardarta ta nuna ana tayar da ita ta waya. Gaskiya ne, amma a can. Na'urar sadarwar da ke cikinta da layukan Amurka aka ɗaure ta, asusun kuma sai da adireshin can, wani lokaci ma yana nan da sunan wanda ya fara mallakarta. Tsofaffin ciki kuwa ko a Amurkar sun daina, domin a 2022 kamfanonin waya na ƙasar suka rufe tsarin 3G, motoci masu yawa suka rasa wannan hidima rana ɗaya. Wanda duk ya ƙara maka kuɗi a kan motar Kwatano don “tana da app”, ka ce ya gwada a gabanka.

Ko inda abin ke aiki, ba kyauta ba ne, kuma ba kai ke da iko da shi ba. A ƙarshen 2021 masu Toyota a Amurka sun yi ca da suka gano cewa a motocin 2018 zuwa sama, tayar da mota daga nesa yana rataye da biyan dala 8 a wata ko 80 a shekara. Masu son haɗa komai na gida wuri guda, fitilu da fanka da ƙofar gareji da mota, sukan yi amfani da wata manhaja ta kyauta mai suna Home Assistant, wadda aka fara a 2013, tana zaune a ƙaramar kwamfuta a cikin gida. A Oktoban 2023 kamfanin Mazda ya aika da takardar lauya, dole aka cire ɓangaren da ke haɗa motocinsa da manhajar, alhali masu motocin da kuɗinsu suka saya. Akwai dabarar da ke kauce wa duk wannan, wadda ɗalibin injiniyan lantarki a Samaru zai iya haɗawa a ɗakinsa: a buɗe rimot na biyu, a jona maɓallinsa da ƙaramar na'ura mai karɓar umarni daga intanet na gida, ta riƙa “danna” shi a madadinka. Ba kuɗin wata, ba kamfani a tsakani, amma sai motar tana gida kusa da rimot ɗin.

Batun harshe gajere ne. Alexa ba ta jin Hausa. Ta koyi Larabcin ƙasashen Larabawa na yankin Gulf a ƙarshen 2021, amma namu bai shiga ba. Google ta sa Hausa a binciken murya a 2024, sai dai bincike daban, ba mota umarni daban. Da Turanci za ka yi, kuma da lafazin da na'urar za ta gane.

Saboda sifika ba ta tantance mai gida da baƙo yadda ya kamata, kamfanoni sukan sa sai ka faɗi lambar sirri kafin motar ta tashi. A gidan Bature mai mutum biyu wannan ya wadatar. A namu gidan, inda falo ba ya rabuwa da baƙi, ga yara, ga almajirin gida, ga taga a buɗe tana kallon lungu, lambar da kake faɗa da baki kullum da safe ba za ta yi mako tana sirri ba. Yaro ɗan shekara biyar zai haddace ta kafin ya haddace karatun allonsa. Ɓarayin intanet ma suna nan. A 2019 masu bincike na kamfanin Pen Test Partners a Ingila suka nuna cewa ana iya ƙwace asusun masu amfani da na'urorin Viper da Pandora, abin da ya shafi motoci kusan miliyan uku. A 2024 wasu masu binciken suka nuna cewa da lambar mota kawai za a iya gano inda motocin Kia da yawa suke, a buɗe su, a tayar da su. An toshe waɗannan ramuka bayan an sanar da kamfanonin. Na'urar da ba ta da suna, wadda aka sayo da araha ba a san kamfaninta ba, wa zai toshe nata?

Duk waɗannan asarar dukiya ce. Abin da ya fi su nauyi hayaƙi ne. Salansar mota tana fitar da iskar nan mai guba da janareta ke fitarwa, wadda ba ta da launi ba ta da wari, wadda jini ke kamawa fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da barci, wanda yake barci kuwa ba ya farkawa. Mun sha jin iyali guda sun kwanta da janareta a baranda an wayi gari babu ko ɗaya. A 2018 jaridar New York Times ta ƙirga mutum 28 da suka mutu a Amurka tun daga 2006 saboda motocin da ba a murɗa musu makulli, waɗanda aka bari suna aiki a gareji ba a sani ba. Yanzu dubi yadda ake gini a Gyallesu da Tudun Wada: fili ya yi kaɗan, gareji manne yake da ɗaki, ko kuma motar tana tsakar gida salansarta na fuskantar tagar ɗakin yara. A irin wannan gida, tsarin da ke cewa “kullum ƙarfe bakwai na safe mota ta tashi da kanta” ganganci ne. Ranar da ka yi tafiya Kaduna a motar haya ka bar taka a rufaffen gareji, agogon ba zai san ba ka nan ba. A ganina ko da wasa kada a ɗaura tashin mota a kan agogo ko a kan zafin rana. Sai mutum mai hankali ya ba da umarni, kuma ya san inda motar take a wannan lokaci.

Mota mai kulochi ita ma a bar ta. Direbobinmu sun saba barin Golf ko 406 a giya idan sun yi fakin, musamman in hambirki ya yi sanyi. A tayar da ita daga nesa a haka, zabura za ta yi, a lungun da yara ke wasa a gindin motoci. Akwai na'urorin da aka yi wa irin waɗannan motoci matakan kariya, amma suna dogara ne da a haɗa kowace waya daidai. Haka ɗan maɓallin da ake sawa a ƙarƙashin bonet, wanda ke hana motar tashi idan bonet a buɗe yake. Shi ne abin da mai gaggawa ya fi tsallakewa, ya ce ba shi da amfani. Amfaninsa shi ne hannun bakanike da ke kusa da fanka da bel lokacin da wani a gida ya danna waya.

Sai mai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, ba wanda ke ƙona fetur don nishaɗi. Hukumar albarkatun ƙasa ta Kanada ta ƙiyasta cewa injin mai lita 3 yana shan kusan kashi ɗaya cikin uku na lita a minti goma yana sulo. Yi haka sau biyu a rana, ka ƙona wajen lita 18 a wata ba ka motsa ko taku ɗaya ba, kuma da esi a kunne ya fi haka. Corolla ba za ta kai nan ba, amma ita ma tana sha. A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya game da al'adar ɗumama mota da asuba. Mun gaje ta ne daga zamanin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, mai kafireta da cok, wadda in ba ta yi zafi ba sai ta yi ta tari. Motar injekta ba ta bukatar haka. Rabin minti ya isa, sai a ja ta a hankali, a kan hanya take ɗumama da kyau. Wanda zai sa na'ura don ta riƙa yi masa ɗumamar safe, kuɗi zai kashe don ya ci gaba da asara.

Wanda motarsa atomatik ce, yana ajiye ta a buɗaɗɗen wuri, kuma zafin bazara yana wahalar da shi ko tsohuwarsa ko jaririnsa, rimot na hannu daga kamfani sananne ya ishe shi, minti biyar kafin ya fito. Wanda ke da tiraka mai sim a motarsa don tsoron sata, ya riƙe ta a kan aikinta. Haɗawa da murya kuwa ƙawa ce da ke ƙara wuraren lalacewa, ba ta rage maka komai sai danna maɓalli ɗaya. In ka yanke shawarar sawa, ka tsaya a wurin rewaya har a gama, ka sa a gwada a gabanka: a buɗe bonet a danna, kada ta tashi, a tayar da ita a taka birki ba makulli, ta mutu. In ɗaya daga cikin biyun nan bai yi ba, kada ka biya, kada kuma ka kai motar gida da na'urar a jikinta.