Me ke sa mota ta ƙi shan kwana?

Direba ya iso shataletale, ya murɗa sitiyari, amma hancin motar ya miƙe. A garejojin Sakkwato ana yawan ɗora laifin kan sitiyari, alhali matsalar tana ƙasa. Abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma a Golf ko Peugeot 406 tayoyin gaba ne ke jan mota, su juya ta, su ɗauki mafi yawan aikin birki. In aka haɗa musu birki mai ƙarfi da kwana lokaci guda, sai su sulɓe. Yashin da iska ke shimfiɗawa a bakin titi yana ƙara dagula lamarin.

Masu tseren Formula 1 sun san wannan a kwanar otal ta Monako, inda gudu ke sauka zuwa kusan kilomita 50 a sa'a. Fikafikan da ke danne motar ƙasa ba su da wani tasiri a irin wannan gudu, don haka injiniyoyi kan koma kan ƙafafu. Sukan sassauta sandar da ke haɗa tayoyin gaba, wadda kanikawa ke kira sitabilaiza, su ɗan karkata saman tayoyin ciki, su buɗe bakinsu kaɗan, su mayar da wani kaso na birki baya. Direban kuma yana ɗaga ƙafa daga birki a hankali, domin nauyin mota ya zauna kan tayoyin gaba har ta juya.

Wani zai ce ai sai a ƙara murɗa sitiyari. Tayar da ta riga ta sulɓe, ƙarin murɗi ƙara mata santsi yake yi. Wani kuma zai ce a yi wa motar gida gyaran 'yan tsere. A nan ne haɗarin yake, don in riƙon gaba ya fi na baya, bayan motar ne zai wulwulo, kuma direbobi kaɗan ne ke iya tare shi. Da gangan kamfanoni ke ƙera mota ta fi saurin sulɓewa ta gaba, saboda ɗaga ƙafa daga totur kan dawo da ita hanya. Mai motar gida ya tsaya kan shokazoba mai lafiya, tayoyi masu zane, da saitin ƙafafu. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, musamman a Afrilu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, a bi lambar da kamfani ya rubuta, a daina barin mai faci yana ƙiyasi da bugun taya.