Aikin ba gwamnati shawara kan makamashi da sauyin yanayi: ina 'ya'yan Yekuwa?

Jama'ar Yekuwa, Magariya da Dungas, da 'yan uwa na ci-rani, kun tuna watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta? A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa. Tun lokacin kowa ya gane ƙasa na buƙatar masana da za su zauna su lissafa: a dogara da hasken rana, kamar tashar Goru Banda mai megawat 30 kusa da Yamai, ko da man matatar SORAZ ta nan Damagaram? Wannan shi ne aikin mai ba da shawara.

Ina ake ɗaukar su? Akwai ma'aikatun makamashi da muhalli, akwai NIGELEC, da ANPER mai kai wuta karkara, sai CNEDD da aka kafa a 1996 ƙarƙashin ofishin firaminista, mai kula da batun sauyin yanayi.

Galibi ana neman mai lisans ko masta a fannin lantarki, muhalli, noma ko tattalin arziki. Dosiye kuwa sanannen abu ne: takardar haihuwa, ta shaidar ɗan ƙasa, ta kotu mai nuna ba ka da laifi wadda ba ta wuce wata 3 ba, da kwafin diflom da hukuma ta buga wa hatimi. A riƙa duba jaridar Le Sahel da ofishin ANPE. Ku shirya takardu tun kafin sanarwa ta fito, don wa'adin ba ya jiran mai zuwa daga ƙauye. Wanda kuma ya kira ku a waya yana neman jaka kaza don ya "saka suna", ku kashe wayar.

Kada yaranmu su raina kansu. Sassaben zamani, wato barin gawo ya tofo a gona, ya maida yankin Magariya, Matamaye da Mirya abin misali, har masana na zuwa daga Turai su gani. Yaron da ya tashi ƙarƙashin gawo, ya ƙara da karatun jami'ar André Salifou, ya san abin da ɗan birni bai sani ba.

'Yan uwa na waje, in kun aiko kuɗin sallah, ku ware na lakkol. In ba namu a teburin shawara, wani ne zai yanke ranar da wuta za ta iso garinmu.