NASIHA GA DATTIJON DA KE SON RIƘON YARAN SIKAWUT

 Maganarmu ta yau a kan yara take, da abin da sukan yi tsakanin tashi daga karatu da faɗuwar rana. Kowa ya sani, yaron da ba a ba shi aiki ba shi zai nema wa kansa, kuma sau da yawa abin da zai samo ba mai daɗin ji ba ne. Da damina a kududdufi za ka same shi, da rani a tashar mota ko a gindin masu wayar hannu. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka muka ga ya kamata mu yi bayanin wata hanya ta tarbiyya, watau ƙungiyar 'yan sikawut, da yadda baligi mai hankali zai fara riƙon yara a cikinta don sa kai, ba don albashi ba.

Asalin abin

Ka sani, ya kai mai karatu, wanda ya ƙago wannan tsari wani hafsan sojan Ingila ne, sunansa Robert Baden-Powell. An haife shi a 1857, ya yi aikin soja a Indiya da Afirka ta Kudu, ya kuma shiga yaƙin Asante a ƙasar da ake kira Gana yanzu. A cikin watan Agusta na 1907 ya tara yara wajen ashirin a wani tsibiri da ake kira Brownsea, ya raba su ƙungiya-ƙungiya, ya koya musu kafa tanti, da hura wuta, da bin sawu, da ceton wanda ya shiga haɗari. A 1908 ya buga littafi a kan haka, abin ya bazu kamar wutar daji. Ya iso Nijeriya a 1915, ƙungiyar ƙasarmu kuwa ta shiga babbar ƙungiya ta duniya a 1961, bayan samun mulkin kai. Shi Baden-Powell ya rasu a 1941 a garin Nyeri na ƙasar Kenya. Yau ƙungiyar tana cikin ƙasashe fiye da 170, mutanenta sun haura miliyan 50.

Wani zai ce, to, ai wannan kayan Turawa ne, me ya haɗa ɗan malam da shi? Amsa ita ce, ana auna abu da abin da ke cikinsa. Larabawa sun karɓe shi tun da daɗewa, suna kiransa Kashshafa. Alhazanmu da suka sauke farali sun gan su a Mina da Arfa, samari cikin tufafi iri ɗaya, suna kama hannun tsohon da ya ɓace suna mai da shi masaukinsa. A 2011 Sarki Abdullahi na Saudiyya da Sarkin Suwidin suka haɗu suka ɗauki nauyin wani shiri na 'yan sikawut don yaɗa zaman lafiya. A nan gida kuma mun san 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962, da na Fitiyanul Islam, da na Izala. Aikinsu a masallatan Juma'a da filin idi ɗan'uwan wannan ne. Bambancin shi ne, sikawut tun yaro yana ƙarami take ɗaukarsa, kuma ginin halinsa ta fi sa wa ido.

Sharuɗɗan mai riƙo

Sharaɗi na farko amana. Mutum zai ba ka ajiyar kuɗi ya yi barci, amma in ya ba ka ɗansa, ido ɗaya yake rufewa. Wanda unguwa ta san shi da zafin hannu, ko saɓa alkawari, ko wasan banza da yara, kada ya kusanci wannan aiki, kada kuma jama'a su ji nauyin hana shi. Na biyu haƙuri, gama yaro sai a faɗa masa abu sau goma. Na uku lokaci. Abin da ake bukata yamma ɗaya ce cikin mako, amma fa kowane mako. Ɗan kasuwar da ya san zai yi wata biyu a hanyar Legas, to, ya zama mataimaki ko ma'aji, kada ya zama shugaba. Ba a bukatar mutum ya taɓa zama sikawut yana yaro, ba a kuma bukatar ya iya Turanci mai yawa. Malamin allo, da tela, da mai shago, da tsohon soja da ya aje aiki, duk suna iyawa.

Matakan farawa

Da fari kada ka tara yara kafin ka tara manya. Ka nemi mutum biyu ko uku amintattu su tsaya tare da kai. Sa'an nan ku je ga mai unguwa, shi ya kai ku ga dagaci, maganar ta isa ga hakimi. A tuna, Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suna ƙarƙashin masarautar Kazaure, Babura kuwa tana ƙarƙashin Ringim, kowa ya bi ta ƙofar gidansu. Ku sanar da limami, ku sanar da hedimasta in a filin makaranta za ku riƙa taruwa.

Bayan wannan sai ku nemi shugabannin ƙungiyar sikawut na jiha, ku yi rajista, a ba ku izini. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Taron samari masu tufafi iri ɗaya, suna fareti ba da sanin hukuma ba, abin tuhuma ne a wannan zamani, balle a ƙasa irin Babura da ke bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar. Kuma ta hannunsu ne za a kira ka horo. Horon shugabanni hawa-hawa ne, ana fara shi da na share fage, ƙarshensa kuwa wata lamba ce da aka fara bayarwa a 1919 a wani fili da ake kira Gilwell kusa da Landan: ƙwayoyi biyu na katako, kamar na carbi, a jikin tsirkiyar fata, ana ratayawa a wuya. Kada ka ji kunyar zama ɗalibi da furfura. Wanda bai durƙusa gaban malami ba, ba ya ba da karatu.

Daga nan sai iyaye. Ka bi su gida-gida, ka faɗa musu ranar taro, da wurin, da lokacin tashi. Almajirin da iyayensa ke nesa, malaminsa ne uba, sai da yardarsa. Ka fara da yara shida ko takwas kaɗai, 'yan shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyar. Ka horar da su wata biyu ko uku, su ne za su zama shugabannin waɗanda za su zo daga baya. Mai kwaɗayin ya ga yara hamsin ran farko, ran na huɗu zai ga ya rage shi kaɗai da usur ɗinsa.

Sirrin tsarin

A nan ne ya kamata a tsaya a fahimta, domin a nan sababbin shugabanni suka fi tuntuɓe. Ana raba yaran rukuni-rukuni, kowane rukuni mutum shida zuwa takwas, da shugabansu daga cikinsu, yaro kamarsu. Rukuni huɗu sun isa runduna, watau yara talatin da biyu, kada a wuce haka. Kai babba, da shugabannin rukunin za ka riƙa shawara, su kuma su koya wa na ƙasa da su. Malaman tsangaya ba baƙin wannan ba ne: gardi ke biya wa titibiri, titibiri ya lura da kolo, alaramma yana zaune a buzunsa yana sauraron kowa. Fatake ma sun san shi, gama madugu ba ya ɗaure wa kowane jaki kaya da hannunsa, amma ya san zangon da za a kwana da rijiyar da za a sha.

Abin da ke da wuya shi ne ka ga yaro yana ɗaure igiya ba daidai ba, hannunka yana ƙaiƙayi, ka daure ka bar shi har rumfar ta faɗi, sa'an nan ka tambaye shi me ya kayar da ita. In ka karɓe igiyar ka ɗaure da kanka, rumfa za ta tsaya, yaro kuwa bai koyi kome ba. Bulala ba ta da wuri a nan. Yaron sikawut da ƙafarsa ya zo, in ka doke shi da ƙafarsa zai koma.

Abin da za a koyar

Lokacin da ya fi dacewa yammacin Alhamis, tun da makarantun allo suna hutu. A fara bayan la'asar, a tashi kafin magariba, kowa ya isa gida da sauran haske. A raba lokacin uku: wasa mai motsa jiki, da koyon sana'ar hannu ɗaya, da 'yar gajeriyar nasiha.

Mafi girman abin koyarwa taimakon farko. Yaro ya san in jini yana zuba, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a ci gaba da dannewa. In ƙuna ce, a kwarara ruwa mai sanyi kamar minti ashirin, kada a shafa manja ko toka ko ɗanyen ƙwai. In kububuwa ko gamsheƙa ta sari mutum, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a gaggauta zuwa asibiti. In zawo ya kama ƙaramin yaro, a dama sukari cokalin shayi shida da gishiri rabin cokali cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a kai ga likita. In wani yana nutsewa a kududdufi ko a dam ɗin Kazaure, a miƙa masa gora ko a jefa igiya, a yi kururuwa. Wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa, kada gawa ta zama biyu.

Kada a ɗauki wannan wasa. Ba mu manta da daren 15 ga Oktoba 2024 ba, da tankar mai ta faɗi a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Yaron da aka koya masa cewa warin fetur alamar gudu ce, zai ja da baya, ya kuma ja ƙanensa.

Sauran abubuwa ƙasarmu ta tanade su. Duwatsun Kazaure da Roni sun isa wurin koyon tafiyar ƙasa, da gane gabas da arewa ta rana da taurari. A Babura da Gwiwa, inda iska ke kwashe ƙasar gona, kowane rukuni ya dasa darbejiya ko gawo, ya kuma yi ta ba su ruwa har su wuce rani, gama dashe ba wuya, reno ke da wuya. Sharar magudanar ruwa kafin damina, da gyaran maƙabarta, da ɗebo wa tsohuwa ruwa, duk gayya ce irin ta kakanninmu. Ɗan kasuwa kuma ya koya musu rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita.

Mas'aloli uku

Ta farko alkawari. Yaro yakan tsaya gaban 'yan'uwansa ya ɗauki alkawarin zai yi iyakar ƙoƙarinsa wajen sauke haƙƙin Ubangijinsa da na ƙasarsa, da taimakon mutane, da bin dokar ƙungiya. Alkawari ne, ba rantsuwa ba. Ka fassara masa shi da Hausa, kada ya faɗi abin da bai gane ba.

Ta biyu tufafi. Ana iya ɗinka dogon wando mai suturce jiki. Kada kuma rashin kuɗin ɗinki ya kori ɗan talaka. Ƙyallen wuya ya isa a fara da shi, attajiri ɗaya zai iya sayen yadin duka. 'Yan mata kuwa mata ne za su riƙe su, a nasu wurin.

Ta uku gaisuwa. Al'adar 'yan sikawut ce su yi musafaha da hagu a tsakaninsu, ana ma ba da labari wai daga jaruman Asante aka samo ta. A wurinmu miƙa wa babba hagu rashin ladabi ne. Ka koya wa yaranka su gai da na gaba da dama, su rusuna, kamar yadda aka saba.

Tsare amana

Akwai ƙa'idar da ba a sassautawa: babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya, ko a ɗaki, ko a tanti, ko a kan babur zuwa wani wuri da dare. Kullum manya biyu su kasance a wurin. Wannan kariya ce ga yaro, kariya ce kuma ga mutuncinka. Ba a fita kwanan daji sai da yardar kowane uba, da sanin dagacin ƙasar da za a sauka, da akwatin magani, da ƙidayar yara a tafiya da dawowa. In yaro ya kawo ƙarar wani babba, a saurare shi, a kai maganar inda ta dace, kada a binne ta don kunya. Kuɗi kuwa, ko naira ɗari ce, a rubuta a littafi, ma'aji daban, shugaba daban, a karanta wa iyaye lissafi. Kada kuma ka yarda wani mai neman kujera ya ari yaranka su yi masa rakiya. Ranar da ka yi haka, rabin iyaye za su janye 'ya'yansu.

Wanda ya ji zai iya, to, kada ya jira sai an kawo tanti daga Dutse. Ya nemi abokan aiki biyu cikin makon nan, ya je ga mai unguwa. Igiya da gora da inuwar bishiya sun isa taron farko. Allah ya shirya mana zuriya, ya saka wa masu wahala a kansu da alheri. Haza wassalam.