Daren da aka tsai da kiɗa, rawa ba ta tsaya ba

A ƙasar Ingila akwai wata gasar rawa da gidan talabijin na BBC yake nunawa tun shekarar 2004, sunanta Strictly Come Dancing. Faransawa ma sun ari tsarinta a 2011, suka raɗa wa tasu Danse avec les stars. Ga yadda ake yin ta: a ɗauko mutanen da suka yi suna a wata sana'ar da ba rawa ba, kamar ƴan wasan kwaikwayo da mawaƙa da ƴan wasannin motsa jiki, a haɗa kowanne da gwanin rawa guda. Cikin mako ɗaya sai su koyi rawa ɗaya irin ta Turawa, bals ko tango ko rumba ko samba, ran asabar da dare su fito su taka ta gaban alƙalai 4. Kowane alƙali yana da maki 10, wato 40 ke nan gaba ɗaya. Mutanen da ke kallo a gida su ma suna zaɓe, a haɗa nasu da na alƙalai. Biyun da suka zo ƙarshe su sake karawa, a nuna ran lahadi, a sallami ɗaya.

Galibin makonni abin bai wuce nishaɗi ba: tufafi masu ƙyalƙyali, tafi, da ɗan hawayen wanda aka sallama. Zagaye na 8 na shekarar 2021, wanda aka yi ran 13 ga Nuwamba, shi ne ya fita daban.

Cikin mutum 15 da suka shiga gasar a shekarar akwai Rose Ayling-Ellis, ƴar wasan kwaikwayo a shirin EastEnders. Kurma ce tun haihuwa, kuma ita ce kurma ta farko da ta taɓa shiga wannan gasa. A daren nan saura kwana 4 ta cika shekara 27. Abokin rawarta Giovanni Pernice ne, mutumin tsibirin Sisiliya na ƙasar Italiya.

Sai mai karatu ya san wahalar abin kafin ya gane girmansa. A dandalinmu makaɗin kalangu yana duban ƙafar mai rawa, in ta yi sauri ya bi ta, in ta ja ya jira ta. Rawar Turawa ba haka take ba. Kiɗa ne shugaba, ƙafa ce mabiyiya, kuma wanda ya riga kiɗa ko ya makara da taku ɗaya, alƙali ya gani, maki ya ragu. Rose tana sa na'urar taimakon ji, tana ɗan tsinkayar bugun kiɗa, amma ba da shi ta dogara ba. Da lissafi take rawa. Kowane taku yana da lambarsa, tana ƙirgawa a zuci tun daga farko har ƙarshe, ta maimaita a ɗakin koyo, da tafintan maganar hannu a gefe, har jiki ya haddace. Wanda ya taɓa koyon karatu da girma, yana haɗa baƙi da wasali ɗaya bayan ɗaya alhali wasu na wucewa da gudu, ya san irin wannan haƙuri.

Kada kuwa a ce tausayi ne ya kai ta mako na 8. Tun a mako na 6 ta taka tango, alƙalai duka huɗu suka ba ta 10, kuma tun da aka fara gasar ba a taɓa samun maki 40 da wuri haka ba.

A mako na 8 aka ba su damar su tsara rawar da suke so. Suka zaɓi waƙar Symphony ta ƙungiyar Clean Bandit da mawaƙiya Zara Larsson. Rawa ta yi nisa, sai Rose ta ɗora hannuwanta bisa kunnuwan Giovanni, kiɗa ya ɗauke ɗif. Ba lalacewar na'ura ba ce, da gangan aka yi. Su biyu suka ci gaba da juyi da taku cikin shiru, ba wanda ya kauce, har kiɗa ya dawo ya tarad da ƙafafunsu daidai inda ya kamata. Shirun bai wuce ƴan sakan ba, amma a cikinsu duk mai kallo ya zama kamar Rose: ido yana ganin rawa, kunne ba ya kawo kome. Gwanin da kansa, wanda tun yana yaro yake bin kiɗa, a nan shi ne baƙo, dole ya koma ga lissafi irin nata.

Alƙalai uku, Motsi Mabuse da Shirley Ballas da Anton Du Beke, suka ba da goma-goma. Du Beke ya ce bai taɓa ganin abin da ya kai wannan ba a gasar. Craig Revel Horwood, wanda aka sani da tsanani, ya tsaya kan 9, jimla 39. A ganina tara ɗin nan girmamawa ce, domin ya auna ta da mudun da yake auna kowa. Washegari aka sallami Sara Davies, ƴar kasuwa, Rose kuwa ta yi ta wucewa har ta ci gasar ran 18 ga Disamba. A 2022 jama'a suka zaɓi wannan rawa a matsayin abin da ya fi tsaya musu a rai cikin talabijin na shekarar, aka ba ta lambar BAFTA.

Gaskiya dai ba su ne farkon masu wannan dabara ba. A Amurka, a 2016, Nyle DiMarco, shi ma kurma, ya yi rawa an ɗauke kiɗa, ya kuma ci gasar can. Abin da ya bambanta na Ingila shi ne lokacin da ya faɗo. Tun taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan a 1880, inda aka yanke cewa a koyar da su ta baki kawai, makarantu da yawa na Turai suka daɗe suna hana yara maganar hannu. Gomnatin Birtaniya ta yarda a 2003 cewa maganar hannun kuramenta harshe ne, amma a baki, ba a doka ba. A watan Yuni na 2021 wata ƴar majalisa, Rosie Cooper, wadda iyayenta duka biyu kurame ne, ta gabatar da ƙudurin doka kan batun. Saboda haka ba rawa ce ta haifi ƙudurin ba, ya riga ta da wata 5, kuma ƙungiyoyin kurame sun daɗe suna wannan kira. Sai dai irin waɗannan ƙudurori na ɗan majalisa guda, mafi yawansu a aljihun tebur suke mutuwa. Wannan kuwa ya samu mai magana dominsa wadda ƙasa duka ta san fuskarta, Rose kuma ba ta yi rowar sunanta ba, ta fito ta goyi bayansa a fili.

Ran 28 ga Afrilu 2022 dokar ta tabbata: maganar hannu ta Birtaniya harshe ce a Ingila da Wales da Sikotilan. Dokar ta ɗora wa gomnati ta riƙa ba da rahoto kan yadda ma'aikatunta suke amfani da harshen wajen sanar da jama'a, ta kuma fitar da jagora. Ba ta tanadi kuɗin ɗaukar tafinta a kowane asibiti ko kowace makaranta ba, kuma a kan wannan ne kuramen ƙasar suka mai da kiransu bayan 2022.