Haƙorin da Ya Daina Zogi Bai Warke Ba

Ba a zuwa dubiyar mai ciwon haƙori. Ko a Sabon Birni ko a Isa, in aka ce wane bai fita gona ba saboda haƙori, sai a ce Allah ya sawwaƙe a wuce, shi kuwa yana can ɗaki ya tallabe kumatu, ya kwana bai runtsa ba. Abin da zai yi ma sananne ne. Zai cusa kanumfari cikin kogon, ko garin taba, ko kanwa. Wani ya ɗiga fetur, wani har ruwan batir. In abin bai lafa ba ya aiki yaro kemis a haɗo masa kafso da maganin zafi. Bayan 'yan kwanaki zogin ya tsaya, sai ya ce ya warke.

Sau da yawa ba warkewa ba ce, jijiyar haƙorin ce ta mutu. Kowane haƙori yana da ɓawo fari mai tauri, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan taushi, can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai jijiya da hanyoyin jini. Babu tsutsa a ciki, duk abin da mai maganin kasuwa zai nuna maka a kan auduga. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da ɓawon a hankali. Lokacin da ramin yake sama ba a jin komai. In ya yi zurfi sai ruwan sanyi ya fara tsira. In ya kai ga jijiya, shi ne kwanan zaune. Da jijiyar ta ruɓe zafin sai ya ɗauke, amma ƙwayoyin cutar sun sami hanya ta cikin saiwa zuwa ƙashin muƙamuƙi, inda mugunya za ta taru tana jiran ranar da fuska za ta kumbura.

Kanumfari ba ƙarya ba ne, yana da mai da ke kashe zafi na ɗan lokaci, likitocin haƙori ma suna amfani da shi a wasu haɗe-haɗensu. Sai dai ba ya toshe rami. Ruwan batir da fetur kuwa ƙona dasashi suke yi, haka ma ƙwayar asfirin da ake dannawa a gefen haƙori.

Akwai haƙorin da ke wahalar da mutum ko da bai taɓa shan alawa ba, wato turmin ƙarshe na can ƙurya. Babban mutum yana da haƙora 32, huɗu daga ciki su ne waɗannan, biyu sama biyu ƙasa, kuma su ne na ƙarshen fitowa, galibi tsakanin shekara 17 zuwa 25. A lokacin sauran sun riga sun cika wuri. In muƙamuƙin mutum yana da fili, sai su fito tsaf su shiga aikin tauna. In babu fili, sai haƙorin ya karkace ya tokari na gabansa, ko ya kwanta a kwance cikin ƙashi, ko ya leƙo rabi ya tsaya, wata 'yar tsoka ta lulluɓe sauran.

Wannan mai leƙowa rabi shi ne ya fi fitina. Ƙarƙashin tsokar akwai lungu da asuwaki ba ya kaiwa, burushi ba ya kaiwa, sai ɓarɓashin tuwo da nama su taru su ruɓe. Wurin ya kumbura, baki ya yi wari, turmin sama kuma ya riƙa cizon kumburin duk sanda aka rufe baki. Zafin yakan harba har kunne, shi ya sa wasu ke ɗiga maganin kunne suna ta mamakin rashin sauƙi. Yana tashi, ya kwanta, ya sake tashi bayan watanni. Saurayi ko budurwar da ke fama da shi sai a ce sanyi ne, ko zafi ne, a jiƙa sassaƙe. Ana cikin haka haƙorin da aka tokara, wanda lafiyarsa ƙalau, ya fara ruɓewa ta baya inda ido ba ya gani, a wayi gari za a cire ɗaya a rasa biyu.

Ba kowane turmin ƙarshe ake cirewa ba. A Ingila tun shekarar 2000 hukumar da ke ba likitoci jagora ta ce a daina cire wanda ke kwance lafiya ba ya damun kowa. Ana cirewa ne in kumburin yana ta dawowa, ko haƙorin ya ruɓe, ko yana ɓata na kusa da shi, ko wata jakar ruwa ta tsiro a gindinsa tana cin ƙashi. Hoto ne ke raba gardama. Likita yana son ya ga yadda saiwar ta kwanta, domin a cikin muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke kai ji ga leɓe da haɓa, wani lokaci saiwar tana manne da ita. Wanda ya fizge haƙorin ba tare da ya san wannan ba yana iya barin mutum da mataccen leɓe na watanni, ko ya karya saiwa ya bar guntu a ciki. Wanzamanmu na Gobir gwanaye ne a sana'ar da suka gada, ba na raina askarsu, amma wannan aiki ne na wanda ke iya ganin cikin ƙashi. Yakan buƙaci a ɗan tsaga dasashi, a rage ƙashi kaɗan, a raba haƙorin gida biyu ko uku a fitar da shi guntu-guntu, sannan a ɗinke.

Akwai alamun da ba a kwana da su. In baki ya ƙi buɗuwa har yatsu biyu ba sa shiga, in kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ya yi tauri, in harshe ya ɗago sama, haɗiyar yawu ta gagara, murya ta canza, ga zazzaɓi, to mugunya ta gangaro wuya, tana dab da toshe numfashi. Wani likita Bajamushe, Wilhelm Friedrich von Ludwig, ya bayyana wannan hali tun 1836, har yau da sunansa ake kiransa, kuma har yau yana kisa. Mai ciwon sukari da mai ciki sun fi shiga haɗari. Kafso na kemis ba ya fitar da mugunya. Sai an buɗe wurin an zubar, an cire haƙorin da ya jawo.

A nan ne halin da yankinmu ke ciki yake shigowa. Irin wannan aiki sai a Sakkwato, a sashen haƙori da tiyatar fuska na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko a bi ta Shinkafi da Ƙaura Namoda zuwa Gusau, wasu kuma Maraɗi ta fi musu kusa. Kowa ya san yadda hanyoyin nan suka koma a shekarun nan na 'yan bindiga: ba a bin su da dare, da rana ma sai an tambayi labarin hanya. Mutumin birni yana iya sakaci da haƙorinsa, in ya tashi cikin dare ya hau babur zuwa asibiti. Mutumin Gatawa ko Bafarawa ba shi da wannan gata. Saboda haka a ganina mu ne muka fi kowa buƙatar zuwa da wuri. Wanda ya san yana da turmin da ke tashi yana kwanciya, ya haɗa da wata tafiya da zai yi Sakkwato, ko ta fatauci ko ta biki, ya je a duba shi ranar da ba ya ciwo. Ranar ma allura ta fi kamawa, don wurin da ya cika da mugunya ba ya karɓar maganin kashe zafi sosai. Yawancin labaran "an yi mini allura amma na ji komai" daga nan suka samo asali.

Tsoron zafi kuwa ya kamata a ce ya tsufa. Likitan haƙori ne ma, William Morton, ya nuna wa duniya a birnin Boston na Amurka a 1846 cewa ana iya yi wa mutum aiki yana barci. Allurar da aka fi amfani da ita yanzu, lidoken, an haɗa ta a Suwidin a 1943. Ana shafa wani mai a dasashi kafin a soka, cikin 'yan mintoci gefen bakin ya yi nauyi. Za ka ji ana turawa, ana girgizawa, za ka ji ƙara, amma ba zafi. In ka ji, ɗaga hannu a ƙara. Ka ci abinci kafin ka je, sai fa in an ce za a sa ka barci. Ka faɗa wa likita in kana da hawan jini, sukari, sikila, ko kana shan maganin tsinka jini, mace kuma ta faɗa in tana da juna biyu. Ciki ba ya hana gyaran haƙori.

Bayan an cire, gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne maganin wurin. A ranar farko ba a kurkure baki da ƙarfi, ba a yawan tofar da yawu, ba a shan kunu mai zafi, ba taba. Daga washegari sai ruwan ɗumi da gishiri a hankali. In gudan ya fita ƙashi ya zauna a buɗe, zafin da ke zuwa a kwana na uku ya fi na farko.

Cirewa ma ba ita kaɗai ce hanya ba. Rami ƙarami ana cike shi a zama ɗaya. Akwai hanyar da aka ƙirƙiro a Tanzaniya a shekarun 1980 domin wuraren da ba lantarki: da ɗan ƙarfen hannu ake kankare ruɓewar a toshe da wani siminti na musamman, sau da yawa ko allura ba a buƙata. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, tare da man goge baki mai fulorayid da wani ruwa da ake ɗigawa ya tsayar da ruɓewa, ko da yake yana baƙanta wurin. Irin waɗannan su ya dace mu riƙa nema wa asibitocin Isa da Sabon Birni in 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a, don ba sa buƙatar injin miliyoyi.

Sai batun ado. Bahaushe bai taɓa raina kwalliyar baki ba. Iyayenmu mata sun rina haƙora da fure da goro, alhazai sun dawo da haƙorin Makka, mai wushirya kuma har yau ana yi mata kirari. Abin da ya sauya shi ne yanzu fari tas ake so, kuma waya ta cika da masu tallar gari da ruwa da fitila, kowa na cewa ba zafi. Gaskiya ne ba zafi, amma wannan bai isa hujja ba. Ɓawon haƙori ba shi da jijiya, don haka ana iya cinye shi da lemun tsami, gawayi ko toka mutum bai ji komai ba, kuma ba ya sake tsirowa. In ya yi siriri sai launin rawaya na ƙasa ya bayyana, mai neman fari ya ƙare da abin da ya guda, ga tsirawar ruwan sanyi.

Abin da likita ke yi daban ne. Da farko yana kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora da dafin goro da shayi da taba. Masu cewa wannan yana rage haƙori ko buɗe tsakaninsu sun yi kuskure. Giɓin yana nan tun da, datti ne ya toshe shi. Da yawa daga nan ma buƙatarsu ta biya. Mai son ƙarin haske ana shafa masa magani da awo, bayan an tabbatar ba rami ba ciwon dasashi, kuma hasken ba ya dawwama. Haƙorin gaba da ya ɓalle a faɗuwar babur ana cike shi da abu mai launin haƙori. Amma fararen ɓawon da ake mannawa a gaba, wanda 'yan fim ke yayi, yawanci sai an fere lafiyayyen haƙori, mutum ya shiga hidimar sauyawa har ƙarshen rayuwarsa. Ƙarfen jera haƙora da 'yan mata ke sakawa a shagon kwalliya don gayu yana motsa haƙori ba tsari har ya yi girgiɗi. Haƙorin Makka ma in bai zauna daidai ba, ƙarƙashinsa ruɓewa yake yi shiru.

Asuwaki sunna ce kuma tsafta ce, ko na Makka ko na marke ko na dogonyaro, kada a bari. Abin da ba shi da shi isasshe shi ne fulorayid, wanda ke ƙarfafa ɓawo, don haka a haɗa da makilin safe da kuma kafin barci, a tofar kada a ɗauraye. Sukari kuwa yawan maimaita shi ya fi yawansa illa: mai zaman teburin mai shayi yana kurɓa tun hantsi har la'asar bai ba bakinsa hutu ba ko kaɗan.

Yara su ne ba sa iya faɗin inda ke musu ciwo, kuma su ne cutar zaizayar baki ke kamawa, wadda likitoci ke kira noma, wasunmu kuma ciwon iska. Tana kama 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman wanda yunwa ta ci ko ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, abin da gudun hijira ya ƙara yawaitawa a gabashin Sakkwato. Tana farawa ne da dasashi mai jini da warin baki, cikin kwanaki kumatu ya kumbura, ya yi baƙi, ya huje. An ƙiyasta cewa kusan 9 cikin 10 na waɗanda ba a yi wa magani ba suna mutuwa, alhali a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023. Asibitin Yara na Noma yana cikin garin Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014, kuma magani da tiyatar gyaran fuska kyauta ne. Uwar da ta ɗaga leɓen ɗanta ta ga jini da fari-fari a gindin haƙora, ga wari, ta kai shi asibitin da ya fi kusa a ranar, ko da yaron bai yi kuka ba.